Feret: Yadda Likitoci Ke Bambance Ciwon Jijiya Da Ciwon Zuciya

Feret wata 'yar dabba ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, dangin bodari da dage, wadda ake kiwo a gidaje a Amurka da Turai da Japan. An shafe sama da shekara 2,000 ana farautar zomo da ita. Nauyinta bai cika wuce kilo 2 ba, tana kuma rayuwa kimanin shekara 6 zuwa 10.

Da zarar ta haura shekara 3, cututtuka kan fara yi mata sallama. Ɗaya daga cikin alamomin da aka fi gani ita ce raunin ƙafafun baya. Mai ita na ganin tana jan ƙafa sai ya ɗauka lakarta ce ta taɓu, alhali sau da yawa matsalar tana cikin jini ne ko zuciya. Shi ya sa likitocin dabbobi ke bin binciken daki-daki.

Matakin farko: sukarin jini

Feret na yawan kamuwa da insulinoma, wato ƙarin da ke fitowa a gaɓar da ke samar da sinadarin insulin. Ƙarin kan sa sinadarin ya yi yawa, sukarin jini ya faɗi. Sai dabbar ta yi zuru tana kallon wuri guda, yawu na dalala, tana sosa baki da ƙafar gaba, wani lokaci har ta yi jijjiga kamar mai farfaɗiya. Ɗigon jini ɗaya ya isa gwaji. Idan sukarin ya gaza miligiram 60 a kowace desilita, tare da waɗannan alamomi, likita zai karkata ga wannan cuta. In abin ya tashi a gida, ana shafa mata zuma kaɗan a dasashi, ba a ɗura mata komai, sannan a garzaya asibiti.

Mataki na biyu: zuciya

Zuciyar feret na bugawa sau 180 zuwa 250 a minti guda, kuma tana can baya a ƙirji, tsakanin haƙarƙari na 6 da na 8, don haka nan ake ɗora na'urar saurare. Cututtukan da aka sani sun haɗa da buɗewar zuciya har tsokarta ta kasa tura jini, da lalacewar ƙofofin da ke hana jini komawa baya, da tsaikon saƙon lantarkin da ke sa ta bugawa. Akwai kuma tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, wadda ko ɗaya ko biyu na iya halaka dabba ƙarama irin wannan.

Alamomin su ne kasala, rama, numfashi da ƙyar, kumburin ciki, dasashi ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, da suma. Hoton ƙirji kan nuna girman zuciya da ruwan da ya taru. Gwajin lantarkin zuciya kan nuna rikicewar bugu, amma hoton sikanin shi ne ke fayyace irin ciwon. Magunguna irin su furosemide da pimobendan na sauƙaƙa wahala, sai dai ba sa mayar da tsokar zuciya yadda take.

Mataki na uku: ƙwaƙwalwa da laka

Idan sukari da zuciya lafiya lau, sai a koma kan jijiyoyi. Karkacewar kai da zagaye wuri guda kan nuna ciwon can cikin kunne. Shanyewar ƙafa na iya fitowa daga buguwa ko ƙarin da ya danne laka. Ana kuma tambaya ko ta haɗiyi maganin mutane irin su ibuprofen, wanda guba ne a gare ta. Cutar distemfa ta karnuka kusan ba ta barin feret da rai, haka ma ciwon haukan kare, wanda ke kama ɗan Adam. Dukansu biyu suna da rigakafi.

Abin da mai dabba zai tanada

Alamomin kan zo su wuce kafin a isa asibiti. Saboda haka yana da kyau a ɗauki bidiyon abin da waya, a rubuta lokacin da ya faru, da tsawonsa, da lokacin da ta ci abinci na ƙarshe. Wannan bayani kan nuna wa likita gwajin da zai fara da shi.