Baƙin da Suka Zama Kakanni a Damargu

Duk wanda ya taɓa halartar zaman makoki a ƙauyukan Tanut ko na Belbeji, musamman idan mamacin dattijo ne da Allah ya yi wa tsawon rai har ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, zai lura cewa bayan an shafa Fatiha, an roƙa masa gafara da rahama, hirar tsofaffi takan karkata ga asali: daga ina kakansa ya taso, wace masifa ta koro shi, wa ya sauke shi, wa ya ba shi 'ya. Da wuya a bi salsalar wani gida a Damargu zuwa kaka na huɗu ko na biyar ba a tarar da baƙo a can ba.

Dalili kuwa yana ga ƙasar kanta. Damargu tana tsakanin Damagaram da duwatsun Abzin, daidai iyakar inda damina ke isar gero, saboda haka a ƙarni na 19 ita ce rumbun Abzinawa, kuma ayarin Kel Ewe da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma ta nan yakan ratsa kafin ya gangara Kano. Dagira masu harshen Barebari sun kafa garuruwa, Hausawa sun hauro daga kudu neman saura, manyan Abzinawa sun zaunar da bayinsu su noma musu hatsi, fataken Ghadamas kuma suna sayen gashin jimina da ake kaiwa Tarabulus. Ba kowa ne ya zo da son ransa ba, kuma adalci ne a faɗi haka, ko da yake ba a cika tada maganar a zaure ba.

Amma wanda ya zo da ƙafarsa, hanyarsa sananniya ce: ya yi sallama ga mai gari, a haɗa shi da mai masauki, a nuna masa dajin da zai sare, idan ya yi damina biyu ko uku aka shaida amanarsa da sallarsa, sai a ba shi aure, kuma daga ranar da aka raɗa wa ɗansa na fari suna ba mai sake tambayarsa yaushe zai koma. Wanda ya fi himma yakan haƙa rijiya, abin da ba ƙaramin jihadi ba ne a ƙasar da ruwanta ke da nisa, jama'a su taru a kanta, daga bisani a riƙa kiran wurin da sunansa. A ganina tarihin Damargu na haƙiƙa yana wurin irin waɗannan mutane, waɗanda ba su bar ko warƙa guda ba.

Waɗanda suka bar rubutu masu wucewa ne. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Tagelel da ke Damargu cikin ayarin Annur, babban Kel Ewe, tare da James Richardson da Adolf Overweg, kuma a nan suka rabu: Richardson ya nufi Damagaram, ajali ya riske shi a watan Maris kafin ya kai Kukawa, Overweg ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852, Barth kaɗai ya koma gida ya wallafa littattafansa. Rundunar Foureau da Lamy ta bi ta ƙasar a 1899, mulkin Faransa yana biye da ita.

Wani abin mamaki shi ne, a cikin wannan zamani mutanen Suwidin, can arewacin Turai, suna cikin hijira irin ta baƙin Damargu, domin bayan amfanin gona ya lalace musu a shekarun 1867 zuwa 1869 sun yi ta ƙetare teku zuwa Amurka, har adadinsu ya haura miliyan ɗaya kafin 1930, da yawansu manoma ne da suka sauka a Minnesota da maƙwabtanta, inda dokar 1862 ta ba mai zama eka 160 in ya raya ta shekara biyar. Bambancin shi ne can hukuma ke rubuta sunan baƙo a daftari, nan kuwa surukai da maƙwabta ne shaidunsa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fataucin Sahara ya durƙushe, yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1913 da 1914, sannan farin 1973 da na 1984 suka watsa gidaje masu yawa. Tun daga nan jikokin baƙin da suka zauna a Damargu su ne ke fita cin rani zuwa Kano da Agadas da Arlit, wasu har Libiya da Aljeriya, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka yi aure a can, suka gina gida.