Kuɗin ƙofa da kujerun da ba kowa

Mai sauraro, kai da ka saba ciniki a kasuwar Dinder, ka san in aka tsuga wa kaya kuɗi, mai saye wucewa yake yi. To, filin ƙwallo ma haka ne. A gasar kofin Afirka ta 2012, a Gabon da Ikwatoriyal Gini, in ba masu gida ke wasa ba, kujeru fayau. Da gasar ta koma Ikwatoriyal Gini a 2015, sai da Shugaba Obiang ya sayi tikiti 40,000 don a raba wa marasa hali. A Ingila kuwa 'yan kallo ne suka ja daga: a Fabrairun 2016, magoya bayan Liverpool kusan 10,000 suka fice a minti na 77, saboda tikitin fam 77. Masu kulob suka ba da haƙuri, suka janye ƙarin.

Sai dai a wajenmu tikiti ƙaramin abu ne. Tuna 2011, da Mena ta Nijar ta buga gasar CHAN a Wad Madani. Mutumin Dinder ko Maiurno, ko da ƙofa kyauta ce, sai ya biya mota, ya rufe rumfa, ya nemi mai tsare masa shanu har ya dawo.