Zibala: yaɓen da ke hana ɗaki yoyo a ƙauyukan Hausawan Sudan

Zibala ita ce yaɓen da ake yi wa ginin laka a tsakiyar Sudan kafin damina, wadda a can ake kira harif. Hausawan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu, har da na Mai Wurno, garin da aka kafa a 1906 kudu da Sinnar, da ita suke kare ɗakunansu.

Ana haɗa kashin dabbobi da ƙasa da ƙaiƙayi, a zuba ruwa, a bar shi ƴan kwanaki ya ruɓe, sannan a shafe rufi da bango. Aikin da makuba ke yi a Kano da Maraɗi ke nan.

Ƙasar yankin ce matsalar. Baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ta kumbura da ruwan fari, sai bango ya ɗan motsa. Shi ya sa ba kasafai yoyo ke farawa daga tsakiyar rufi ba, a mahaɗa yake farawa: inda rufi ya gamu da bango, da kuma bakin indararo, wato sabaloka. Can magini ke fara dubawa, ya ƙwaƙule tsagar, ya cusa laka, ta bushe, kafin yaɓe ya hau. Wanda ya shafe saman tsaga kawai, asara ya yi. Siminti ma ba ya kama laka, ɓarewa yake, ruwa ya bi ta bayansa.

Akan sabunta yaɓen duk shekara, kafin ruwan Yuli da Agusta.