Hikimar Ciyar da Kifi a Kududdufan Ƙasar Sin

Malaman tarihi suna jingina talifi mafi daɗewa a kan kiwon kifi ga Fan Li, wazirin sarkin Yue, wanda ya rayu ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma tun daga zamaninsa manoman ƙasar Sin suka riƙi kifin nan da ake kira kap, suna kiwonsa a kududdufan ƙauyukansu har tsawon shekaru fiye da dubu.

A zamanin daular Tang, wadda ta karɓi mulki a shekarar 618, hukuma ta haramta cin wannan kifi saboda sunansa ya zo ɗaya da na gidan sarauta, lamarin da ya tilasta wa talakawa su nufi manyan koguna suna ɗebo 'ya'yan danginsa guda huɗu, waɗanda Allah Ya bambanta abincinsu. Ɗaya ciyawa yake ci, biyu suna tace ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa, na huɗun kuwa katantanwa yake farauta a ƙasa cikin laka. Da manomi ya fahimci haka, sai ya tara su a kududdufi guda, ya yanko ɗanyar ciyawa da sassafe ya watsa wa na farko, kashin da wannan ya zubar ya zama taki ga ruwan, ruwan ya yi kore shar, sauran su ƙoshi alhali ba a sayo musu ko mudun dusa ba.

Wannan tadbiri ya kai kamala a zamanin daular Ming, a fadamun Guangdong, inda aka riƙa dasa itatuwan tut a gaɓar kududdufi: ganyen a ba tsutsar alharini, kashin tsutsar a zuba wa kifi, taɓon da aka yaso idan an kwashe kifin kuma a mayar da shi gindin itatuwan.

Haƙiƙa abin da waɗannan bayin Allah suka gano shi ne, wanda ya kula da ruwa ya gama kula da kifi. Kuma manomin da tsadar abincin kifi na buhu ta dama a yau yana da darasi babba cikin tsiminsu da gudun israfinsu.