Daga Layin Katsina zuwa Farantan Sola: Abin da Tarihin Kuran ɗin Maraɗi Ke Koya Mana

Wutar lantarkin Maraɗi baƙuwa ce, kuma ina so 'ya'yanmu su san asalinta. Daga Najeriya take tasowa, ta biyo layin kilobolt 132 daga Katsina zuwa Gazawa, sannan ta rabu: reshe ɗaya ya yo Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Kamfanin Nijelek, wanda aka kafa a 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji, shi ke rarraba ta, daga shagunan Sabon Gari zuwa gidajen Tibiri da famfunan ban-ruwa na Jiratawa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke sha daga can yake zuwa. Sai da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 kafin ta dawo. A waɗannan watanni mai hali ya hau da farantan sola rufin gidansa. Ƙasa ma hanyar ta ɗauka: akwai tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen 2023.

Sai dai wutar rana tana da hali nata. Injinan Kainji manyan ƙarafa ne masu juyawa. In iskar damina ta jefa reshen bedi a kan waya, injin yakan turo wuta ninki biyar ko fiye, na'urar tsaro ta gane nan take, ta yanke wannan yanki kaɗai. Shi kuwa farantin sola sai ya bi ta inbata, akwatin da ke mai da wutarsa irin ta layi. Inbata ba ta jure zafi, abin da za ta iya turowa ya ɗan haura ƙarfinta ne kawai. Don haka na'urar tsaro na iya kasa ganin matsalar, ita kuma inbata, in an saita ta da tsoro, sai ta janye don ta tsira, daidai lokacin da ake bukatarta.

Wasu sun riga mu ɗanɗana wannan. Ranar 16 ga Agustan 2016 gobarar daji ta taɓa layukan wuta a Kalifoniya ta Amurka. Ba ta kai ga tashoshin sola ba, amma inbatocinsu suka yi kuskuren karanta girgizar layi, kusan megawat 1,200 suka ɓace lokaci guda. Ranar 28 ga Satumban wannan shekarar guguwa ta kayar da turakun wuta a Kudancin Ostareliya. An saita injinan iska su janye in ƙarfin wuta ya faɗi sau da yawa a jere. Suka janye, jihar gaba ɗaya ta shiga duhu. A duka biyun, gyaran da aka yi na saiti ne: inbata ta daure ta tsaya a layi har a yanke wurin da ya lalace.

Ta gida kuwa dokarta daban. In wutar Nijelek ta ɗauke, dole gidan ya rabu da layi, in ba haka ba wutarka ta koma waya ta kama ma'aikacin da ya hau gyara. Iyaye, kafin ku biya mai haɗa sola, ku tambaye shi ina makunnin da ke raba gida da layi, ina fis, ina wayar ƙasa. In ya yi inda-inda, ku nemi wani.

Malamai kuma, ina ganin darasin nan ya cancanci shiga aji. Farantai sayo su muke, inbata ma haka, amma mai saita su ya kamata ya zama ɗan gida. Muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yaron da ke kwance rediyo yana sake haɗawa, kada a ce ɓarna yake. A nuna masa hanyar can. In ba mu horar da su ba, rana tamu ce, amma in wuta ta ɗauke sai mun jira injiniya daga wata ƙasa.