Tarihin Ƙa'idar Ƙayyade Hamonik a Na'urorin Ba da Wuta

Wutar lantarki da ake rarraba wa gidaje tana kai-komo ne sau 50 a daƙiƙa a Turai, sau 60 a Amurka, kuma an tsara wayoyi da taransifomomi bisa zaton cewa kayan aiki za su riƙa jan ta daidai da yadda take hawa da sauka. Na'urar ba da wuta da ke cikin talabijin da kwamfuta ba haka take yi ba, domin ba ta cika kafasitarta, wato ma'ajiyar caji, sai lokacin da ƙarfin wutar ya kai ƙololuwa, sannan ta fizga gaba ɗaya. Wannan fizgar ce ke haifar da hamonik, wato kwararar wuta mai kaɗawa ninki-ninki na kaɗawar asali. Ninki na uku ya fi ɓarna, saboda a tsarin layi uku ba ya soke juna, sai dai ya taru a wayar nutural ya zafafa ta.

Don taƙaita hamonik, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fitar da ƙa'idar 555-2 a 1982 don kayan gida, sannan a 1995 ta maye gurbinta da wadda aka sani yau da IEC 61000-3-2, mai hukunci a kan duk na'urar da ba ta jan fiye da amfiya 16 a layi guda, tare da auna hamonik har ninki na 40. Tarayyar Turai ta wajabta ta daga 1 ga Janairun 2001, bayan doguwar jayayya da masana'antu. Ƙa'idar ta kasa kaya rukuni huɗu, daga A zuwa D, kuma na ƙarshen, wanda ya ƙunshi kwamfuta da talabijin masu jan sama da wat 75 zuwa 600, yana da tsauri, tunda iyakarsa tana bin gwargwadon wutar da na'ura ke ci.

Muhimmancinta shi ne ɗora nauyin a wuyan maƙeri, abin da ya tilasta saka da'irar da ke daidaita jan wuta a cikin na'urar kanta. Amurka kuwa ta bi wata hanya daban da ƙa'idar IEEE 519 ta 1981, wadda ke auna gurɓatar a mahaɗar mai amfani da kamfanin wuta, ba a jikin kowace na'ura ba. Duk da haka, da yake ana ƙera kaya ne don kasuwar duniya, tsarin Turai ya bazu har Japan da Sin.