WASALI ƊAYA, ƘASASHE HUƊU: TARIHIN BAMBANCIN LAFAZI DA SIYASAR HARSHE A YANKIN BALKAN

1. Gabatarwa

Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya. Galibi abin da ake nufi da wannan karin magana shi ne maganar da mutum ya faɗa, amma a tarihin Turai an sami wuraren da yadda mutum ya furta kalma ya isa ya jawo masa shaida ko tuhuma, ko da kuwa ma'anar kalmar ba ta sauya ba. A wannan takarda za mu ɗauki misali guda mu bi sawunsa, wato harshen da ake magana da shi a ƙasashen Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Montenegiro, waɗanda a dā suke cikin tarayyar Yugoslabiya. Mutanen waɗannan ƙasashe suna jin maganar juna ba tare da tafinta ba, amma harshen nasu yana da sunaye huɗu a hukumance. Abin da muke so mu nuna shi ne, bambancin lafazin da ke tsakaninsu ya girmi rikicinsu da ɗaruruwan shekaru, kuma iyakokinsa ba su dace da iyakokin ƙabila ba. Masu mulki ne suka riƙa ɗaukarsa, wani lokaci su ɗinke jama'a da shi, wani lokaci su raba ta.

2. Asalin bambancin

A tsohon harshen kakannin waɗannan al'ummu akwai wani wasali da masana ke kira yat. Da tafiya ta yi tafiya sai wasalin ya ɓace, kowane yanki ya maye gurbinsa da abin da ya fi sauƙi a bakinsa. Wasu suka mayar da shi e, wasu ije ko je, wasu kuma i. (A rubutunsu harafin j kamar y namu ake furta shi.) Saboda haka madara ta zama mleko a Belgirad, mlijeko a Sarayebo, mliko a gaɓar tekun Dalmashiya. Kogi ya zama reka ko rijeka ko rika. Yaro kuwa dete ko dijete ko dite. Ma'ana ɗaya ce, nahawu ɗaya ne. Idan muna son kwatance daga gida, abin bai fi tazarar da ke tsakanin Bakano mai cewa fari da Basakkwace mai cewa hwari ba, ko tsakanin ne da ce na gabas da na da ta na yamma.

Abin lura a nan shi ne yadda lafuzzan uku suka bazu. Sabiyawan da ke cikin ƙasar Sabiya galibinsu masu e ne, amma Sabiyawan Bosniya masu ije ne, daidai da maƙwabtansu Musulmi. Mutanen Montenegiro masu ije ne. Kuroshiyawa kuwa sun kasu: akwai masu ije, akwai masu i, sa'an nan karin harshen ƙauyukan da ke kewaye da Zagreb, babban birninsu, ya fi karkata ga e irin na Belgirad. Ke nan wanda ya ji lafazin mutum zai iya sanin yankinsa, amma ba zai iya rantsuwa a kan ƙabilarsa ko addininsa ba. Rubutu ne ya fi bin addini: mabiya cocin Otodoks sun gaji baƙaƙen Sirilik, Katolika sun riƙi baƙaƙen Latin, Musulmin Bosniya kuma sun daɗe suna rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, irin ajaminmu, kafin su bar shi.

3. Zamanin haɗin kai

A ƙarni na 19 waɗannan al'ummu suna ƙarƙashin dauloli biyu, ta Usmaniyya da ta Ostiriya, kuma masanansu sun ga cewa haɗa harshe shi ne matakin farko na haɗa kai. Vuk Karadžić, Basabiye wanda ya buga ƙamusunsa a 1818, ya dage a kan a rubuta harshe yadda talakawa ke furta shi. Shi kansa kuwa mai ije ne. A ɓangaren Kuroshiya, Ljudevit Gaj ya tsara ƙa'idojin rubutun Latin a 1830, kuma a 1836 ya bar karin harshen Zagreb a jaridarsa, ya koma ga karin da ya fi yawan masu magana, wanda suka yi tarayya da Sabiyawa a cikinsa. A watan Maris na 1850 masana takwas suka haɗu a birnin Biyana, biyar Kuroshiyawa, biyu Sabiyawa, ɗaya mutumin Sulobeniya, suka sa hannu a kan yarjejeniyar cewa a ɗauki lafazin ije a matsayin tushen harshen adabi na kowa.

Sai dai yarjejeniyar ba ta da gwamnati a bayanta. Kuroshiyawa sun riƙi ije, amma a Sabiya lafazin e na Belgirad, fadar sarki da gidan jaridu, shi ne ya rinjaya kafin ƙarshen ƙarnin. Dab da Yaƙin Duniya na Farko wani masanin adabi na Sabiya, Jovan Skerlić, ya kawo shawarar a raba asara: Sabiyawa su bar Sirilik su karɓi Latin, Kuroshiyawa su bar ije su karɓi e. Bayan kafa masarautar haɗin gwiwa a 1918 wasu matasan marubutan Kuroshiya, ciki har da Miroslav Krleža, sun yi rubutu da e. Amma da aka harbi jagoran Kuroshiyawa Stjepan Radić a zauren majalisa a Belgirad a 1928, har ya rasu daga raunin, sai irin waɗannan marubuta suka koma ga ije. Harsashi ne ya sauya musu wasali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma gwamnatin 'yan Ustasha, wadda ta mulki Kuroshiya daga 1941 zuwa 1945 da goyon bayan Jamus, ta haramta Sirilik, ta kafa dokar tsarkake harshe, a daidai lokacin da take kisan gilla ga Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma.

Gwamnatin Tito ta sake gwada ɗinki. A Disamban 1954 aka ƙulla yarjejeniyar Novi Sad, wadda ta ce harshen ɗaya ne, mai lafazi biyu da rubutu biyu, kuma duka daidai suke. A takarda kam an yi adalci. A aikace kuwa Kuroshiyawa sun yi kukan cewa lafazin Belgirad da kalmominta su ne suka mamaye rundunar soja da ofisoshin tarayya. A Maris na 1967 manyan cibiyoyin ilmi da al'adu na Kuroshiya suka fitar da sanarwa suna neman a kira harshensu da sunansa shi kaɗai. Krleža na cikin waɗanda suka sa hannu, kuma abin ya kai shi ga barin kwamitin ƙoli na jam'iyya a Kuroshiya. A 1971 aka hana fitar wani littafin ƙa'idojin rubutun Kuroshiyanci, sai a Landan aka buga shi a 1972.

4. Zamanin rabuwa

Da tarayyar ta fara wargajewa a 1991, kowace sabuwar ƙasa ta shiga neman abin da zai bambanta bakinta da na maƙwabciya. Misalin da ya fi bayyana hujjarmu shi ne na Sabiyawan Bosniya. A 1993, ana tsakiyar yaƙi, hukumominsu a ƙarƙashin Radovan Karadžić suka umarci gidajen rediyo da talabijin da jaridu su koma amfani da e na Belgirad, alhali jama'ar yankin da ije suka tashi, kuma da ije Vuk, uban adabin Sabiya, ya yi rubutu. Dalili kuwa bai wuce kada a ji suna magana irin ta maƙwabtansu Musulmi da Kuroshiyawa ba. Masu karanta labarai suka riƙa tuntuɓe a kan lafazin da ba nasu ba, wasu masanan Sabiya ma suka soki dokar, kuma bayan 'yan shekaru aka yi watsi da ita. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Musulmin Bosniya su kuma suka riƙi baƙin h. Wannan sauti ya raunana ko ya ɓace a bakin yawancin maƙwabtansu, amma su sun adana shi, kuma ana danganta hakan da kusancinsu da Turkanci da karatun Larabci. Littafin ƙa'idojin rubutun Bosniyanci na 1996 ya ba shi muhimmanci: lahko maimakon lako, wato mai sauƙi, kahva a inda Basabiye ke cewa kafa, Bakuroshiye ke cewa kava. Wannan kalma ita ce gahawa tamu, duk daga Larabci muka aro ta. A Kuroshiya kuwa aka mai da hankali ga kalmomi, aka farfaɗo da tsofaffi, aka ƙirƙiro sababbi. A 1999 aka nuna wani fim na Sabiya mai suna Rane a Zagreb da fassara a ƙasan allo, 'yan kallo suka riƙa dariya domin sau da yawa abin da aka rubuta shi ne abin da suka ji. Kotun duniya da aka kafa a birnin Hague a 1993 domin laifuffukan yaƙin, ita kuwa tafintoci rukuni ɗaya ta yi amfani da su ga harsunan uku.

Montenegiro ce ta ƙarshe. Ta sami 'yanci a 2006, tsarin mulkinta na 2007 ya ba harshen sunan ƙasar, a 2009 kuma aka ƙara haruffa biyu, ś da ź, domin wasu sautuka na karin yankin, alal misali śutra maimakon sjutra, wato gobe. Duk da haka, a ƙidayar 2011 kimanin kashi 43 cikin ɗari na jama'ar suka ce harshensu Sabiyanci ne, kimanin kashi 37 suka ce Montenegiranci. Mutane biyu masu lafazi ɗaya, ƙila ma 'yan gida ɗaya, kowa ya ba da amsar da ta dace da jam'iyyarsa.

5. A cikin siyasar Turai ta yau

Kuroshiya ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Yulin 2013, harshenta ya zama na 24 a jerin harsunan aiki na tarayyar. A wannan shekara ce masu zanga-zanga suka farfasa allunan ofisoshi masu ɗauke da Sirilik a Vukovar, garin da aka ragargaza a yaƙin 1991, ko da yake doka ta tanadi rubutu biyu a inda 'yan tsiraru suka kai kashi ɗaya cikin uku. A Bosniya an kai ga rubuta gargaɗin illar taba sau uku a kwali ɗaya, biyu da Latin ɗaya da Sirilik, da kalmomi iri ɗaya. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne tsarin makarantu biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, inda ake raba yaran Musulmi da na Kuroshiyawa azuzuwa daban, kuma haƙƙin koyo da harshen uwa yana cikin hujjojin da ake kafawa.

A Maris na 2017 marubuta da masana fiye da 200 daga ƙasashen huɗu suka fitar da sanarwa a Sarayebo, suna cewa harshen ɗaya ne mai cibiyoyi da yawa, kamar Ingilishi ko Jamusanci, kuma kowa yana da 'yancin kiransa da sunan da ya ga dama. Gwamnatin Kuroshiya ta yi watsi da ita. A 2021 Sabiya ta kafa dokar kare Sirilik, a 2024 Kuroshiya ta kafa dokar harshenta. Montenegiro ta fara shawarwarin shiga Tarayyar Turai a 2012, Sabiya a 2014. Duk ranar da ɗayarsu ta shiga, tilas tarayyar ta yanke ko za ta ɗauki tafintoci tsakanin mutanen da ke jin juna.

6. Kammalawa

Ba mu ce masu neman suna na kansu ba su da hujja ba. Wanda aka danne lafazinsa a bariki da ofis, ko aka ƙone garinsa, yana da dalilin ƙin raba suna da wanda ya yi masa haka. Abin da tarihin ya nuna mana dai shi ne, wasalin yat ya rabu uku tun ɗaruruwan shekaru ba wanda ya zub da jini a kansa. Sai da bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. A 1850 da 1954 an yi amfani da shi wajen ɗinki, a 1928 da 1993 wajen farke ɗinkin.

Mu ma da muka taru a nan muna nazarin harshen da iyakar Turawa ta ratsa. An zaɓi Kananci ya zama tushen daidaitacciyar Hausa, kuma har bayan taron daidaita rubutu na Yamai a 1980, Nijeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. Alhamdu lillahi, wannan bai zama abin faɗa ba. Amma ya kamata malamai da masu tsara manhaja su kula kada ɗalibin da ya tashi da hwari ya ji a aji cewa Hausarsa kuskure ce. A Zagreb da irin wannan ƙorafi aka fara, shekaru 24 kafin a ji ƙarar bindiga.